Haɗin mai, dilka ko likitan fata: wanne amaryar Jos za ta zaɓa kafin hunturu?

Ranar da aka sa ranar 'yar yayana, tun ba a gama rabon goro da alewa ba dangin ango suka aiko da tambayar da kowace amarya ta san za ta zo: wane mai take shafawa, wane sabulu, don a zuba a lefe. An tsayar da biki ƙarshen Disamba, saura wata huɗu. Duk wanda ya taɓa yin Disamba a Jos ya san abin da take yi wa fata. Sanyin dare yakan sauko kusa da digiri 10, iska ta bushe ƙayau, leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso, ƙafa ta yi furu-furu ko da yanzu aka fito daga wanka.

Bayan la'asar ta same ni a gida nan Anguwar Rogo, waya a hannu.

"Gwaggo, dubi wannan. Ta ce sati uku kawai zan yi haske, kuma wai oganik ne, babu bilicin a ciki."

Hotuna biyu ne na mace ɗaya, na farko wankan tarwaɗa, na biyu fara sol. Ta kuma nuna mini lambar wata mai gyaran jiki 'yar Maiduguri da ƙawayenta suka ba ta. Ni kuwa da na shafe shekaru ina aikin jinya, ina da tawa shawarar. Hanyoyi uku ke nan, kuma kuɗin da ke hannunta ba zai ɗauki dukkansu ba. Abin da muka zauna muka auna a ranar shi nake so in shimfiɗa a nan, domin na san ba ita kaɗai ce take riƙe da waya tana wannan lissafi ba.

Ban fara da yi mata wa'azi ba, don yarinyar ba ƙarya take yi ba. Mu muka raine su da jin "farar mace alkyabbar mata". A gabansu ake cewa wane ya yi dace, ya samu fara. A gabansu ake kallon jaririya a duba kunnenta don a gane ko za ta yi duhu. Wanda ya ce hasken fata ba ya jan ido a cikin al'ummarmu bai faɗi gaskiya ba. Sai dai akwai abin da na lura da shi a wuraren biki, kuma ke ma ki gwada a kamun da za ki je nan gaba. Ki duba macen da ido yake komawa kanta sau biyu, sau uku. Sau da yawa za ki tarar launinta ɗaya ne daga goshi har yatsun ƙafa, fatar sumul, tana ɗan sheƙi kamar an goge ƙwarya, ko baƙa ce ko fara. A 2006 wasu masana a Turai sun ɗauki hotunan fatar mata masu shekaru daban-daban suka ɗora su a kan siffar fuska iri ɗaya a kwamfuta, suka ba mutane su kimanta. Fuskar da launinta ya fi daidaita ita aka fi gani a matsayin mai ƙuruciya, mai lafiya, mai kyau. Turawa aka gwada, amma abin da suka gano kakanninmu sun riga su sani, shi ya sa suke cewa wance jikinta luwai-luwai. Fata ita ce takardar shaidar lafiya da mutum yake yawo da ita a fili, ido kuma yana karanta ta kafin baki ya yi sallama.

To, da wannan ma'aunin za mu auna hanyoyin uku: wacce ce take ba da launi ɗaya, laushi da sheƙi, kuma har zuwa yaushe?

Haɗin mai shi ya fi kowanne sauri, wannan ba a musu. Cikin sati biyu zuwa uku za a ga canji, kuma a watan farko fatar takan yi wani irin kyau mai ruɗi, ƙuraje su kwanta, fuska ta yi fayau. Dalilin saurin shi ne abin tsoron. Man kaɗe da zuma da karas ba sa mayar da wankan tarwaɗa fara cikin kwana 21, ko wace ce ta haɗa su. Abin da yake iya wannan aiki sanannu ne: haidirokwinon, wanda yake hana fata yin melanin, wato sinadarin da yake ba ta launi yake kuma kare ta daga rana, sai magungunan sitiroyid masu ƙarfi irin su kilobetasol da betametason, waɗanda ake matsowa daga ƙananan tub-tub ɗin nan a juye cikin roba, sai zaiba, wadda ake kira makuri. Robar haɗi ba ta da lambar NAFDAC, ba ta da jerin abin da ke ciki, mai haɗawar ma sau tari ba ta san adadin da ta zuba ba. Kalmar oganik da aka manna a jiki ba ta canza abin da ke cikin robar.

Na ga ƙarshen wannan hanya da idona, ba sau ɗaya ba. Sitiroyid yana sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito kore-kore a cinya da damtse. Nankarwa mai faɗi, ja, takan tsage a hammata da ƙugu ga yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba, kuma irin wannan nankarwar ba ta gogewa. Garkuwar fata takan yi rauni, sai makero da ƙyasbi su samu wurin zama, sai wani wari da turare ba ya rufewa, musamman in an yi gumi. Gaɓoɓin yatsu da gwiwa da idon sawu kuwa ba sa bin sauran jiki, sai su tsaya baƙi ƙirin a tsakiyar fari, mace ta koma ɓoye hannu a cikin mayafi lokacin gaisawa. Haidirokwinon in aka daɗe ana shafa shi, musamman ga mai shiga rana, yakan juyo da baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da gefen ido, wanda likitoci suke kira okuronosis, kuma yana cikin tabon da ya fi wuyar magani. Zaiba tana ratsa fata ta shiga jini, ta taɓa ƙoda da jijiyoyi, ta kuma isa ga ɗan da ke ciki da wanda ake shayarwa. Sitiroyid ɗin da ake shafe jiki duka da shi wata da watanni yana iya tayar da sukari da hawan jini.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗakin haihuwa. Amarya ta yau, in Allah ya kawo rabo, mai jego ce baɗi. Na taɓa tsayawa a kan wata baiwar Allah da aka yi wa tiyatar haihuwa, fatar cikinta ta yi laushin da zare ba ya kama ta da kyau, ɗinkin ya daɗe bai haɗe ba. Tana kuka tana cewa da ta sani. Ba ta yi don lalata ba, ta yi ne don mijinta ya so ta, shi ya sa har yau abin yake ci mini rai.

Sannan a yi lissafin kuɗi. Haɗin mai bashi ne da ba a gama biya. Ranar da aka daina, launi ya dawo, sau da yawa ya fi na da duhu, ga ƙaiƙayi da zafi da ƙuraje. Don haka robar farko da ango ya saka a lefe ita ce mafi arha a cikin duk waɗanda za a saya; sauran daga kuɗin cefane za su riƙa fita, kowane wata, shekara da shekaru. A Jos kuma akwai ƙarin matsala. Garin yana kan tudu, sama da mita 1,200, kuma duk yadda ƙasa ta ƙara tsawo, haka hasken rana mai ƙona fata yake ƙara kaifi. Sanyin garin yana ruɗin mutane su ɗauka ranar ba ta da ƙarfi. Macen da ta kashe melanin ɗinta sannan ta tsaya jiran Keke a Terminus da tsakar rana, ta fita ne ba garkuwa.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da mayukan sa haske, a 2023 kuma NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Kodebuwa ta hana irin waɗannan mayuka a 2015, Gana ta bi sahu a 2016, Ruwanda ma ta kwashe su daga kasuwanninta. Allurar gulutatayon da ake tallatawa a Abuja da sunan haske daga ciki, ita ma ba a amince da ita don wannan aiki ba, kuma abu ne da ake turawa kai tsaye cikin jijiya.

Hanya ta biyu ita ce gyaran jiki irin na gargajiya, kuma ina da soyayya da ita, ba zan ɓoye ba. Dilka daga Sudan ta taso, ta biyo ta Barno ta iso mana. Wasu da garin dawa suke haɗa ta, wasu da dankalin Turawa, wanda mu a Filato ba ma rasa shi, a sa kurkum da kanumfari da mai da turaruka. Aikinta shi ne murje mataccen saman fata, shi ya sa bayan kwana biyar ko bakwai jiki yake yin santsi, launi ya washe. Halawa, wadda sukari ce da lemon tsami aka dafa, tana cire gashi. Turaren tsuguno da humra suna kama jiki, har ɗakin da amarya ta zauna ya ɗauka. Ga kuma wani amfanin da ba a cika ambata ba: kwanakin gyaran nan amarya tana zaune a inuwa, tana barci, tana ci, ba ta yawon rabon kati. Rabin hasken da ake gani daga nan yake zuwa.

Iyakarta ita ce, kwalliya ce ta ɗan lokaci. Saman fata yana sabunta kansa cikin kamar wata guda, don haka santsin dilka ba ya wuce 'yan makonni in ba a ci gaba da kula ba. Ba ta maganin ƙurajen fuska, hasali ma murza fuska mai ƙuraje ƙara fusata su take yi, kuma fatarmu ta baƙaƙe duk inda aka ji mata ciwo da baƙin tabo take ramawa. Lemon tsami in ya zauna a fata aka shiga rana yana ƙona ta. Hayaƙin turare bai dace da mai asma ba. Baƙin lallen nan da ake kira dayis yana ɗauke da sinadarin rinin gashi, PPD, wanda yake sa wasu hannunsu ya kumbura ya yi ƙuraje masu ruwa daidai zanen furen, kuma ba a son a gano haka ana gobe ɗaurin aure. Jan lalle na ganye ba ya wannan.

Babban abin lura shi ne, yanzu wasu masu gyaran jiki suna zuba haɗin bilicin cikin dilka da sabulun wanka ba tare da sun faɗa ba, don a ce hannunsu yana da kyau. Ga yadda za ki gane: dilka ta gaskiya tana fito da launinki ne, ba ta ba ki na wata. In mai gyara ta yi miki alkawarin za ki tashi daga wannan kala zuwa waccan, ki tambaye ta me ta sa. In ta ce sirri ne, ki ɗauki mayafinki.

Hanya ta uku ba ta da hoton kafin da bayan, shi ya sa ba ta da farin jini. Kula ce ta kullum, tare da ganin likita in akwai abin da yake buƙatar magani. A Jos rabin matsalar fata daga bokitin wanka take farawa. Saboda sanyi muna wanka da ruwa mai tururi, mu daɗe, mu dirje jiki da soso mai kaushi da sabulu mai ƙarfi, mu wanke ɗan man da fata take yi wa kanta tas, sannan mu fito cikin iskar hunturu. Ruwan ya zama mai ɗumi kawai, wankan ya zama gajere. Sabulun salo yana da kyau ga mai maiƙon jiki a lokacin zafi, amma a hunturu yana busar da fata, gara mai laushi marar kumfa da yawa. Mai kuma a shafa shi jiki da sauran danshi, cikin 'yan mintuna da fitowa, domin aikinsa tsare ruwan da ke cikin fata ne. Wadda ta bari ta bushe ƙarau sannan ta shafa, ta rufe ƙofa bayan ɓarawo ya fita. Man kaɗe na asali, ko bazalin da aka haɗa da ɗan gilisarin, sun ishi jiki. Dunduniya a jiƙa ta, a goge da dutse a hankali, a cika ta da bazalin a sa safa a kwana. Mu da muke alwala sau biyar, a ajiye ƙaramar robar mai kusa da buta ko darduma, a shafa a hannu da ƙafa bayan an idar. Wannan kaɗai yana raba mace da faso.

Fuska dabam take. Man kwakwa da mayuka masu nauyi suna toshe ƙofofin gashi ga mai ƙuraje, don haka fuska tana son mai marar nauyi, da safe kuma man kariyar rana mai lamba SPF 30 ko sama. Mata da yawa suna cewa baƙar fata ba ta buƙatarsa. Ba ta saurin ƙonewa, gaskiya ne, amma tabon ƙuraje da baƙin kumatu rana ce take ƙara musu duhu, kuma babu maganin tabon da zai yi aiki in ana fita ba kariya. A gaskiya yawancin 'yan matan da suke cewa suna son haske, in ka zauna da su, tabo ne yake damunsu da fuskar da ta fi ƙirji duhu. Launinsu na asali suke nema, wanda yake ɓoye a ƙarƙashin riga.

Ƙuraje masu yawa, ƙyasbi, makero, ƙaiƙayin da ya ƙi ji, waɗannan na asibiti ne. A je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo ko wani babban asibiti a nemi ganin likitan fata. Ba su da yawa, akwai jira, wannan shi ne aibin hanyar, tare da cewa maganin ƙuraje yakan ɗauki sati 8 zuwa 12 kafin a ga amfaninsa sosai. Likita ma yakan rubuta haidirokwinon ko sitiroyid, amma a kan tabo ko ciwon kawai, da adadi, na 'yan makonni ko watanni, yana dubawa. Wuƙa ɗaya ce, bambancin wanda ya riƙe ta ne. Kuma lallai amarya ta gaya wa likita cewa aure za ta yi, domin wasu magungunan ƙuraje, musamman aisotiretinoyin da ake sha, suna nakasa ɗan tayi.

Abinci kuwa, mu da Allah ya ba Faringada ba mu da uzuri. Karas, kabeji, tumatir, alayyafo, ga gwaten acca da ganye. Yarinyar da jininta ya yi ƙasa, ba ta barci saboda hira a waya har ƙarfe biyun dare, babu man da zai ba ta sheƙi.

Da muka jera su, ga yadda na yanke mata, kuma haka zan yanke wa duk wadda ta tambaye ni. Mai wata uku ko huɗu a gaba ta fara da hanya ta uku yau, ta ajiye dilka ta zama ta ƙarshe, kwana bakwai zuwa goma kafin biki, a hannun wadda aka san abin da take zubawa. Waɗannan biyun ba kishiyoyi ba ne, ɗaya tuwo ce ɗaya miya. Halawa a gwada ta tun da wata guda a ɗan wuri, kada ranar farko ta zama ta satin biki. Wadda sati uku ya rage mata, kada ta fara sabon magani ko sabon mai a fuska, ta tsaya ga dilka mai sauƙi, man kaɗe, barci da inuwa. In kuɗi ɗaya ne tak, a kai shi wurin likita da man kariyar rana, dilka ko a gida yayye da gwaggwanni za su iya yi. Wadda kuma ta riga ta daɗe a cikin haɗi, kada kunya ta hana ta zuwa asibiti, kuma kada ta yanke shi dare ɗaya in mai sitiroyid ne, domin fata takan yi bore. A hankali ake janye shi bisa shawarar likita. Ta tafi da robar a jaka don a ga abin da take shafawa.

Ku kuma angwaye da dangin ango, da ku nake. Yarinyar nan ba ta ƙirƙiro wannan damuwa da kanta ba. Kalma ɗaya daga bakinka, ko "da kin ɗan ƙara haske", ta isa ta jefa ta cikin abin da zai bi ta har ɗakin haihuwa. Kai ka gan ta a yadda take ka aika a tambayo maka. Allah da kansa, a Suratur Rum aya ta 22, ya lissafa bambancin harsunanmu da launukanmu a cikin ayoyinsa. In an kawo maka jerin kayan shafa ka ga robar da ba ta da suna ba ta da lamba, kana da ikon tambaya, kuma ka gaya mata da bakinka cewa launinta ya yi maka.

'Yar yayana ta yi shiru tana juya wayar, can ta ce, "Gwaggo, to in ranar kamu ƙawayena duk sun fi ni haske fa?"

Na ce mata za su fi ta, wasunsu. Na kamo hannunta na juya bayansa, na nuna mata yatsunta, launi ɗaya tun daga farce har wuyan hannu, na ce ta duba nasu ranar. Daga nan muka ɗauko takarda muka rubuta wa dangin ango: sabulu mai laushi, bazalin babba, gilisarin, man fuska marar nauyi, man kariyar rana guda uku, humra da turaren wuta. Man kaɗe na ce su bar shi, ni zan sa a kawo mata na asali. Ranar Litinin da sassafe muka kama hanyar Lamingo saboda ƙurajen goshinta.